Dashen Ɓargo ga Yara Masu Amosanin Jini

1.0 Gabatarwa

Duk malamin da ya daɗe yana koyarwa a makarantar firamare a ƙasar Hausa, da wuya a ce bai taɓa samun ɗalibi mai amosanin jini a ajinsa ba. Shi ne yaron nan da yau yana aji, gobe yana gadon asibiti. Idanunsa sun yi ruwan ɗorawa, girmansa bai kai na tsararrakinsa ba, kuma da zarar hunturu ya kankama sai a yi mako biyu ba a gan shi a makaranta ba. Shekaru masu yawa, abin da likitoci suke iya yi wa irin wannan yaro bai wuce rage masa raɗaɗi da yi masa ƙarin jini da kare shi daga cututtuka ba. Amma tun daga shekarun 1980 aka gano wata hanya da take iya raba yaro da wannan cuta baki ɗaya, wato dashen ɓargo.

Labarin wannan aiki ya yawaita a gidajen rediyo da bakunan jama'a, har iyaye sukan tari malamin 'ya'yansu da tambaya a kansa, domin a ƙauyuka da yawa shi ne ɗan bokon da ya fi kusa da su. Don haka, wannan babi zai yi bayanin mene ne ɓargo, da yadda amosanin jini yake samuwa, da yadda ake yin dashen, da haɗarin da ke tattare da shi, da kuma abin da dashen ba zai iya canzawa ba. Manufa ita ce malami ya iya gaya wa iyaye gaskiyar lamari, ba tare da ya karya musu gwiwa ba, ba tare da kuma ya ɗora su a kan burin da ba zai cika ba.

2.0 Ɓargo da Aikinsa

Ɓargo shi ne abin nan mai laushi da ke cikin kogon ƙashi. (Ɗalibi ya kula da ƙugiyar harafin farko, domin bargo kuwa abin rufa ne.) Wanda aka fi sani shi ne mai maiƙon nan da ake zuƙa daga ƙashin saniya a cikin miya. Akwai kuma jan ɓargo, wanda shi ne yake samar da jini. A jikin jariri kusan duk ƙasusuwa jan ɓargo ne a cikinsu. Idan mutum ya girma, sai ya rage a ƙashin ƙugu da ƙashin ƙirji da haƙarƙari da ƙashin baya da ƙoƙon kai.

A cikin jan ɓargo akwai wasu ƙwayoyi da za a iya kira uwayen ƙwayoyin jini, domin daga gare su ne sauran suke fitowa. Suna haifar da iri uku:

(a) jajayen ƙwayoyin jini, masu ɗaukar iskar oksijin daga huhu zuwa sassan jiki;
(b) fararen ƙwayoyin jini, waɗanda su ne garkuwar jiki daga cututtuka;
(c) ƙwayoyin da suke sa jini ya daskare idan an ji rauni.

Jar ƙwayar jini ta mai lafiya takan yi kimanin kwana 120 tana aiki kafin ta mutu. Saboda haka ɓargo ba ya hutawa. A kowane sakan yakan fitar da sababbin jajayen ƙwayoyi kimanin miliyan 2. Daga nan za a fahimci dalilin da ya sa ƙarin jini ba ya warkar da amosanin jini. Jinin da aka ƙara yana da wa'adi, idan ya ƙare, ɓargon yaron zai ci gaba da fitar da irin jinin da ya saba fitarwa.

3.0 Amosanin Jini

A cikin kowace jar ƙwayar jini akwai wani sinadari mai suna himogulobin, shi ne yake riƙe iskar oksijin. Na mafi yawan mutane ana kiransa nau'in A. Akwai kuma nau'in S, wanda idan iskar oksijin ta yi ƙaranci yakan cure ya sandare, sai ƙwayar da take da taushi, mai zubin faifai, ta lanƙwashe kamar lauje. Daga sunan lauje a Ingilishi ne aka sami kalmar sikila. Wani likita a birnin Shikago na Amurka, James Herrick, shi ya fara bayyana wannan siffa a rubuce a 1910. A 1949 Linus Pauling da abokan aikinsa suka nuna cewa illar tana cikin himogulobin ɗin kansa.

Lanƙwasassun ƙwayoyin nan suna jawo matsala iri biyu. Ta farko, ba sa wuce kwana 10 zuwa 20 suke fashewa, don haka kullum jini a ƙarance yake, idanu kuma su yi kamar na mai shawara. Ta biyu, sukan maƙale a ƙananan jijiyoyi su tare hanyar jini. Idan a ƙashi suka tare, sai matsanancin ciwo ya tashi. Idan a huhu ne, sai numfashi ya gagara. Idan kuwa a ƙwaƙwalwa ne, sai ɓarin jiki ya shanye. Bincike ya nuna cewa idan ba a ɗauki matakin kariya ba, kusan yaro 1 cikin 10 masu cutar yakan gamu da shanyewar ɓarin jiki kafin ya kai shekara 20. Alamomi sukan fara bayyana ne daga wajen wata shida da haihuwa, sau da yawa da kumburin hannuwa da ƙafafu.

Cutar ta gado ce. Kowane mutum yana karɓar ƙwayar gado ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Wanda ya karɓi A da A shi ne AA. Wanda ya karɓi A da S shi ne AS; lafiyarsa lau, amma yana ɗauke da iri. Wanda ya karɓi S daga kowane ɓangare shi ne SS, mai amosanin jini. Akwai kuma nau'in C, wanda ya fi yawa a arewacin Ghana da Burkina Faso, kuma idan ya haɗu da S yakan haifar da cutar, ko da yake galibi ba ta kai ta SS tsanani ba. Idan AS ya auri AS, kowane ciki da aka ɗauka yana da kaso 1 cikin 4 na zama SS. Lissafin na kowane ciki ne daban, don haka ana iya samun gidan da 'ya'ya uku a jere duk suka zo da cutar, a sami wani gidan da ba ko ɗaya.

Dalilin yawan nau'in S a Afirka shi ne, yaro mai AS yana da wata kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, kamar yadda Anthony Allison ya nuna a Gabashin Afirka a 1954. Wani rahoto na Hukumar Lafiya ta Duniya na 2006 ya ƙiyasta cewa kashi 24 cikin 100 na 'yan Nijeriya suna ɗauke da wannan iri, kuma ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 da cutar a ƙasar duk shekara. Babu wata ƙasa a duniya da ta kai Nijeriya yawan masu amosanin jini.

4.0 Ma'anar Dashen Ɓargo da Tarihinsa

Kalmar dashe daga noma aka aro ta. Manomin albasa ko tumatir yakan ciro iri daga inda aka rene shi, ya kai shi wurin da ya gyara, ya dasa, sa'an nan ya yi ta kula da shi har ya kama. Haka abin yake a nan. Dashen ɓargo shi ne a kashe ɓargon majiyyaci da magani, a ɗebo uwayen ƙwayoyin jini daga jikin wani mai lafiya, a zuba masa, domin su zauna a cikin ƙasusuwansa su ci gaba da samar masa da lafiyayyen jini har iyakar rayuwarsa.

Likitan da ya share fagen wannan aiki shi ne E. Donnall Thomas na Amurka, wanda ya buga rahoton gwajinsa na farko a 1957, kuma aka ba shi lambar yabo ta Nobel a 1990. Gwaje-gwajen farko ba su yi nasara ba, domin ba a san yadda za a zaɓi mai bayarwar da ya dace ba. Sai da Jean Dausset na Faransa da wasu masana suka gano alamomin da jiki yake bambance nasa da baƙo da su, sa'an nan hanya ta buɗe. A 1968 Robert Good ya yi nasarar dasa wa wani jariri da aka haifa ba shi da garkuwar jiki ɓargon yayarsa a Minnesota.

Ɗaya daga cikin cututtukan ƙarancin jini na gado da aka warkar ta wannan hanya ita ce talasimiya, wadda ta fi yawa a ƙasashen gaɓar Bahar Rum da Gabas ta Tsakiya da kudancin Asiya. An yi dashen farko a kanta a 1981, kuma Guido Lucarelli ya yi wa ɗaruruwan yara wannan aiki a garin Pesaro na Italiya. Shi kuwa amosanin jini, labarinsa ya zo ne a kan hanya. A 1984 aka buga rahoton wata yarinya 'yar shekara 8 a Amurka da take da sikila, ta kuma kamu da sankarar jini. An dasa mata ɓargon ɗan'uwanta don maganin sankarar, sai ga shi duka cututtukan biyu sun rabu da ita. Bayan haka, a 1988, Eliane Gluckman ta yi amfani da jinin cibiyar wata jaririya a birnin Paris ta warkar da wanta, mai wata cutar ƙarancin jini ta gado da ake kira Fanconi. Wannan ya tabbatar da cewa jinin da ya rage a cibiya da mabiyiya bayan haihuwa shi ma yana ɗauke da uwayen ƙwayoyin jini.

5.0 Wane ne Zai Bayar da Ɓargo?

A nan ne gizo yake saƙa. A jikin ƙwayoyin kowane mutum akwai wasu alamomi da likitoci suke kira HLA. Da su ne garkuwar jiki take gane abin da yake nata. Idan alamomin mai bayarwa da na mai karɓa suka saɓa, ɗayan biyu ne zai faru: ko dai jikin yaron ya ƙi baƙon ɓargon, ko kuma baƙon ɓargon ya juyo ya yaƙi jikin yaron. Waɗannan alamomi daban suke da rukunin jinin da ake dubawa wajen ƙarin jini. Mutum biyu suna iya zama rukunin jininsu ɗaya, amma alamominsu su yi hannun riga.

Su ma alamomin gadonsu ake yi, rabi daga uwa, rabi daga uba. Saboda haka wanda aka fi sa ran ya dace shi ne shaƙiƙi, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma ko shi ma damarsa 1 ce cikin 4. Bugu da ƙari, dole ne shi kansa ya kasance ba SS ba ne. AA ko AS duka ana karɓa. Idan iyaye duka AS ne, aka haɗa sharuɗɗan biyu, damar kowane shaƙiƙi ta zama 3 cikin 16, wato kimanin kashi 19 cikin 100. Wannan ne ya sa mafi yawan yara masu amosanin jini ba su da cikakken mai bayarwa a cikin gidansu.

Akwai abin lura a nan game da gidajen Hausawa masu mata fiye da ɗaya. Mahaifi yana iya cewa 'ya'yansa goma sha biyar ne, ai ba za a rasa wanda ya dace ba. Amma 'yan uba rabin alamomi kaɗai suke iya haɗawa da yaron, sai fa idan iyayensu mata suna da dangantaka ta jini. Don haka waɗanda ake fara gwadawa su ne 'yan ɗakinsu.

Idan ba a sami shaƙiƙin da ya dace ba, akan nemi bare a rajistar masu bayarwa ta ƙasashen duniya, sai dai da wuya ɗan Afirka ya dace, saboda 'yan asalin Afirka ba su da yawa a cikin rajistar. Hanya ta uku ita ce a karɓa daga wanda ya dace rabi, kamar uwa ko uba, a kuma yi amfani da wasu magunguna bayan dashen don hana rikici tsakanin jiki da baƙon ɓargo. Likitocin Jami'ar Johns Hopkins sun buga sakamakon wannan dabara a kan masu sikila a 2012, kuma an ci gaba da kyautata ta tun daga lokacin. Duk da haka, dashe daga shaƙiƙin da ya dace sosai shi ne wanda aka fi daɗewa ana yi, aka kuma fi sanin sakamakonsa.

6.0 Matakan Dashe

6.1 Bincike. Za a duba lafiyar zuciya da huhu da hanta da ƙoda da ƙwaƙwalwar yaron, a tabbatar jikinsa zai jure. Shi ma mai bayarwa za a duba shi. Likitoci za su zauna da iyaye su yi musu bayanin amfani da haɗari, sai sun amince a rubuce kafin a fara.

6.2 Sharar wuri. Za a kwantar da yaron a ɗaki na musamman, a yi kimanin mako guda zuwa kwana goma ana ba shi magunguna masu ƙarfi irin na masu ciwon daji, kamar busulfan. Aikinsu shi ne su kashe tsohon ɓargo, su kuma kwantar da garkuwar jiki don kada ta kori baƙo. A wannan lokaci gashin kai yakan zube, baki ya yi gyambo, amai da gudawa su dami yaron.

6.3 Ɗibar ɓargo. Za a sa mai bayarwa barci a ɗakin tiyata, a yi amfani da allura a zuƙo ɓargo daga bayan ƙashin ƙugunsa. Aikin yakan ɗauki awa ɗaya zuwa biyu. Yawan abin da ake ɗiba ya danganta da nauyin yaran biyu, kuma akwai iyakar da ba a ƙetarewa don kare mai bayarwa. Mutane da yawa suna tsoron cewa za a taɓa laka mutum ya nakasa. Ɓargo daban, laka daban, kuma allurar ba ta zuwa kusa da laka. Mai bayarwa yakan ji ciwon ƙugu na 'yan kwanaki, cikin 'yan makonni kuma jikinsa ya mayar da abin da aka ɗiba.

6.4 Dasawa. Shi mai karɓa ba a yanka shi, ba a kuma fasa masa ƙashi. Ɓargon a cikin leda yake zuwa, a ɗaura masa ta jijiya tamkar ƙarin jini. Ƙwayoyin da kansu suke bin jini har su isa kogon ƙashi su zauna.

6.5 Jiran kamawa. Sabon ɓargo yakan ɗauki mako biyu zuwa huɗu kafin ya fara samar da jini. Wannan shi ne lokaci mafi haɗari, domin tsohon ya tafi, sabon bai fara aiki ba, kuma ƙwayar cutar da ba ta isa ta kayar da mai lafiya ba tana iya halaka yaron. Don haka ake killace shi, a tace iskar ɗakinsa, a dafa abincinsa sosai, a hana 'yan dubiya, a kuma riƙa yi masa ƙarin jini.

6.6 Bayan sallama. Galibi akan sallami yaro bayan mako huɗu zuwa shida, amma aiki bai ƙare ba. Zai ci gaba da shan maganin danne garkuwar jiki na tsawon wata shida zuwa shekara guda, yana zuwa asibiti a kai a kai. Haka kuma sai an sake yi masa alluran rigakafin da aka yi masa tun yana jariri, domin kariyar da suka ba shi ta tafi tare da tsohon ɓargo.

7.0 Nasara da Haɗari

A 1996 aka buga sakamakon dashen da aka yi wa yara 22 masu sikila a Amurka da Turai: 20 sun rayu, 16 daga cikinsu sun rabu da cutar. Da aka ƙara ƙwarewa, sakamako ya ƙara kyau. Wani babban nazari da aka buga a 2017 ya bi sawun mutum 1,000 da aka dasa musu ɓargon shaƙiƙansu tsakanin 1986 da 2013. Bayan shekara 5, kimanin kashi 93 cikin 100 suna raye, kuma kimanin kashi 91 sun rayu ba tare da dashen ya lalace ba. Nazarin ya nuna cewa yara sun fi manya samun nasara, domin cutar ba ta riga ta lalata musu sassan jiki ba.

Waɗannan alƙaluma suna da daɗin ji, amma suna nufin cewa a cikin kowane mutum 100, wajen 7 sun rasu. Manyan haɗurran su ne:

(a) Kamuwa da cututtuka a lokacin da garkuwar jiki take kwance.
(b) Ƙin kamawa, inda tsohon ɓargo yake farfaɗowa, cutar ta dawo.
(c) Yaƙin baƙon ɓargo da jikin mai karɓa, wanda yakan taɓa fata da hanji da hanta. Wani lokaci yana wucewa da magani, wani lokaci kuma ya zama jinyar shekaru.
(d) Rashin haihuwa. Magungunan sharar wuri sukan lalata ƙwayayen haihuwa, musamman ga 'ya'ya mata, kuma suna iya jinkirta balaga. A al'ummar da take ba haihuwa muhimmanci kamar tamu, wajibi ne iyaye su ji wannan magana tun kafin su sa hannu.

Saboda haka, an fi ba da shawarar dashe ga yaron da cutar ta tsananta masa: wanda ɓarin jikinsa ya taɓa shanyewa, ko gwaji ya nuna yana dab da haka, ko mai yawan ciwon ƙirji, ko wanda ciwo yake yawan kwantar da shi duk da yana shan magani. Nauyin da ke kan iyaye babba ne. Idan suka yi gaggawa, sun jefa yaron da yake wasa da dariya a yau cikin haɗarin da zai iya cin ransa cikin wata uku. Idan kuma suka jinkirta, cutar tana iya yin ɓarnar da ba ta gyaruwa.

8.0 Abin da Dashe Ba Ya Canzawa

Dashe yana tsayar da ɓarna, amma galibi ba ya gyara wadda ta riga ta auku. Ƙafar da ta shanye ko ƙashin ƙugun da ya mutu ba za su koma kamar da ba.

Abu na biyu ya fi wannan muhimmanci, kuma mutane ƙalilan ne suka san shi. Ɓargo kaɗai aka canza wa yaron. Ƙwayoyin da zai haifi 'ya'ya da su suna nan da gadonsu na asali. Idan wanda aka yi wa dashe ya je gwajin jini bayan shekaru, takarda za ta nuna irin jinin wanda ya ba shi, AA ko AS, har rukunin jininsa ma yakan koma na mai bayarwar. Amma duk ɗan da ya haifa, S zai ba shi. Ke nan idan ya auri mai AS, kowane ciki yana da rabin damar zama SS. A 2024 Jihar Kano ta kafa dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure, wanda ya haɗa da gwajin irin jini. Wanda aka yi wa dashe, takardar wannan gwaji ba za ta faɗi gaskiyar abin da zai gadar ba, sai ya bayyana tarihinsa ga likita da wanda zai aura.

9.0 Halin da Ake Ciki a Nijeriya

An yi dashen ɓargo na farko a Nijeriya a 2011, a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin da ke Jihar Edo, ƙarƙashin jagorancin Dakta Nosakhare Bazuaye, inda aka dasa wa wani yaro ɗan shekara 7 ɓargon ɗan'uwansa. A 2024 kuma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas, da haɗin gwiwar Gidauniyar Sikila ta Nijeriya, ya fara nasa shirin. Duk da haka, aikin yana cin miliyoyin naira masu yawa, kuma iyalai masu hali da dama Indiya suke tafiya. Idan aka kwatanta waɗanda aka yi wa dashe da jariran da ake haifa da cutar duk shekara, ba su taka kara sun karya ba.

An kuma sami wata sabuwar hanya, inda ake ɗebo uwayen ƙwayoyin jinin majiyyaci da kansa, a gyara su a ɗakin bincike, a mayar masa, ba tare da neman mai bayarwa ba. Birtaniya da Amurka sun amince da irin wannan magani mai suna Casgevy a ƙarshen 2023. Sai dai shi ma yana bukatar sharar wuri, kuma farashin da aka sa masa a Amurka a lokacin dala miliyan 2.2 ne.

Wannan ya nuna cewa abin da zai ceci mafi yawan yaranmu shi ne kulawa ta yau da kullum: gano cutar tun yaro yana jariri, alluran rigakafi, maganin penisilin, kariya daga zazzaɓin cizon sauro, da maganin haidiroksiyuriya mai rage yawan tashin ciwo. Binciken da aka gudanar a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, tare da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, ya nuna cewa idan aka auna gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwar yara da na'ura, aka ɗora waɗanda suke cikin haɗari a kan haidiroksiyuriya, ana rage shanyewar ɓarin jiki ƙwarai da gaske, kuma da kuɗin da bai kama ƙafar na dashe ba.

10.0 Matsayin Malami

Malami ba likita ba ne, amma yana da rawar takawa:

(a) Ya bar ɗalibi mai amosanin jini ya sha ruwa, ya kuma fita bayan gida duk lokacin da ya bukata. Kada ya tilasta masa gudu a rana ko aiki mai nauyi, kuma ya ƙyale shi da rigar sanyinsa a lokacin hunturu.
(b) Ya san alamomin da suke bukatar asibiti nan take: zazzaɓi, ciwon ƙirji, sarƙewar numfashi, karkacewar baki, harɗewar harshe, mutuwar hannu ko ƙafa, ko jiki ya ɗashe farat ɗaya.
(c) Idan hazaƙar yaro ta ja baya ba dalili, ya sanar da iyaye maimakon ya ɗauki bulala, domin wani lokaci jijiya takan toshe a ƙwaƙwalwa ba tare da wata alama a jiki ba.
(d) Idan yaron da aka yi wa dashe ya dawo aji, malami ya taimaka masa ya cike gurbin karatun da ya rasa, ya hana a yi masa ba'a, ya kuma gaggauta sanar da iyayensa idan ƙyanda ko ƙarambau ta ɓulla a makaranta.
(e) Ya tuna da ɗan'uwan da ya bayar da ɓargo. Idan dashe bai kama ba, yaro yakan ɗora wa kansa laifi, alhali ba laifinsa ba ne.
(f) Ya faɗakar da iyaye game da masu tallar maganin da suke cewa yana mayar da SS ya koma AA. Babu jiƙo ko ƙwayar da take yin haka.

Ranar 19 ga Yuni ta kowace shekara, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware a 2008 don wayar da kai game da sikila, dama ce ta shirya muhawara ko wasan kwaikwayo a makaranta a kan wannan batu.

11.0 Kammalawa

A wannan babi an ga cewa amosanin jini daga ɓargo yake tasowa, don haka canza ɓargon yana iya warkar da shi, kuma an tabbatar da haka tun 1984. An kuma ga cewa samun mai bayarwa yana da wuya, aikin yana da tsada da haɗari, kuma wanda ya warke yana nan ɗauke da irin da zai gadar wa 'ya'yansa. Don haka idan mahaifi ya tambayi malami ko gaskiya ne sikila tana warkewa, amsar ita ce e, ga wasu yara, bisa sharuɗɗa, kuma likitan jini ne zai faɗi ko ɗansa yana cikinsu. Kafin nan, kada ya yi wasa da magani da zuwa asibiti, sauran 'ya'yansa kuma su san irin jininsu tun kafin maganar aure ta taso.

Auna Fahimta

1. Me ya sa ƙarin jini ba ya warkar da amosanin jini, alhali dashen ɓargo yana iya warkarwa?
2. Bayyana dalilin da ya sa shaƙiƙi ya fi ɗan uba dacewa da bayar da ɓargo.
3. Kawo matakan dashe guda shida, ka yi bayanin wanda ya fi haɗari.
4. Wani saurayi da aka yi wa dashe yana yaro ya yi gwaji, takarda ta nuna AA. Wace shawara za ka ba shi kafin ya yi aure?
5. Rubuta wasiƙa ta shafi ɗaya zuwa ga iyayen wani ɗalibinka, ka yi musu bayanin dashen ɓargo da Hausar da wanda bai yi boko ba zai fahimta.